Jirgin Da Ke Bi Ta Kan Gidanmu

'Yar'uwa, in gidanku yana Kurna, ko Fagge, ko Gwammaja, kin san yadda hira ke tsayawa cak idan jirgi ya taso daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Tun ranar 4 ga Mayu, 2002, da jirgin EAS ya faɗo kan gidaje a Gwammaja jim kaɗan da tashinsa, mata da yawa da sun ji rugugi sai gaba ya faɗi, a hau salati, a tattaro yara ɗaki. Ni ma haka na daɗe ina yi, har ƙanena ya sayo mini wani ɗan littafi wurin masu tsofaffin littattafai, girmansa bai fi tafin hannu ba.

Kowane shafi jirgi guda ne, an zana shi ta gefe, ta gaba, da ta ƙasa, wato yadda mai shanya a tsakar gida za ta hango shi. Da Turanci aka rubuta, amma wallahi zanen ma ya ishe ki. Injin za ki fara ƙirgawa, ki ga inda aka maƙala shi, sannan ki dubi jela. Wanda ya faɗo a Gwammaja sunansa BAC 1-11, injinsa biyu ne manne a gindin jela, kuma bayan hatsarin gwamnati ta hana irinsa ɗaukar fasinja a ƙasar nan. Ranar da na gane haka na yi barci mai daɗi.

Wanda na fi so shi ne Boeing 747, wanda Kabo ya riƙa kwasar alhazai da shi. Injinsa huɗu, biyu a kowane fiffike, ga tozo a ka kamar na bijimi. Tsabar girmansa ne ke sa ki ga kamar ya tsaya a sama, kamar zai taɓa rufin kwano, alhali lafiyarsa ƙalau. Sau nawa na ce wa maƙwabciyata, "Maman Abba, kwantar da hankalinki, sauka zai yi, ba ki ga ya sako tayoyi ba?" Lokacin da Hajiyarmu ta tafi Makka, da na hango tozon nan ya nufo fili sai in ɗora tukunya, ko da ita a ciki.

DC-10 na Nigeria Airways kuwa injinsa uku, na ukun a cikin jela, amma kamfanin ya durƙushe tun 2003. Shi ma 747 an miƙa na ƙarshe da aka ƙera a 2023. Jiragen yanzu galibi inji biyu ne a ƙarƙashin fiffike, duk kamarsu ɗaya sai ka ce 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. A nan sai ki koma kan haruffan da ke jikinsu in ya yi ƙasa sosai: 5N na Nijeriya ne, 5U na Nijar, HZ kuma daga Saudiyya yake.