Frank Robinson da Kujerar Manaja

Ranar 15 ga Oktoba 1972 aka karrama Jackie Robinson a birnin Cincinnati, shekara 25 bayan ya karya shingen launin fata a babbar gasar ƙwallon besbol ta Amurka. Ciwon sukari ya riga ya ci ƙarfinsa, ganinsa ya ragu. Ya yi godiya, sannan ya ce farin cikinsa zai ƙaru ranar da ya ga baƙar fata yana jan ragamar ƙungiya. Bayan kwana tara ya rasu.

Wanda ya cika masa burin shi ma Robinson ne, ko da yake ba su haɗa dangi ba. An haifi Frank Robinson a Beaumont ta jihar Teksas a 1935, ya tashi a Oakland. Ya fara wasa da Cincinnati Reds a 1956, aka zaɓe shi gwarzon gasar National a 1961. A ƙarshen 1965 mai ƙungiyar ya musanya shi, yana ganin wai ya tsufa tun yana ɗan shekara 30. Kakar da ta biyo baya, a Baltimore Orioles, Frank ya buga ƙwallo ta tsallake katangar fili sau 49, ya zama gwarzon gasar American, ƙungiyarsa ta ɗauki kofi. Shi ne farkon wanda ya sami wannan lambar a gasannin biyu. A wannan shekarar kuma iyalinsa suka sha wahalar samun gida a unguwannin fararen birnin da yake wa wasa.

To, me ya sa mutum irin wannan ya jira har 1975? A besbol manaja ne ke tsara jerin masu bugu, shi ke cire mai jifa idan ya gaji, shi ke tsawata wa wanda ya yi sakaci. Masu ƙungiyoyi sun yarda da ƙarfin damtsen baƙar fata tun 1947, domin yana kawo nasara da kuɗi. Abin da ya yi musu nauyi shi ne Bature ya karɓi umarni daga bakinsa. Hujjar da suka fi fakewa da ita ita ce rashin gogewa, alhali su ne suka hana gogewar. Frank ya gane haka, sai ya riƙa tafiya Puerto Rico lokacin hunturu yana jagorantar ƙungiyar Santurce, don ya toshe wannan kafar.

Ranar 8 ga Afrilu 1975 ya fito a Cleveland, manaja kuma ɗan wasa a lokaci guda. Rachel, matar marigayi Jackie, ita ta jefa ƙwallon buɗe wasa. Da layi ya zo kansa karon farko, Frank ya ɗirka ƙwallon ta wuce katanga, ƙungiyarsa ta doke New York Yankees.

Ba za a ce ya zama manajan da ya fi kowa ba. Wasannin da ƙungiyoyinsa suka faɗi sun fi waɗanda suka ci, kuma zafin ransa ya sha haɗa shi da alƙalan wasa da ma ƴan wasansa, waɗanda yake auna su da ma'aunin kansa. Cleveland ta sallame shi a 1977. San Francisco ta ɗauke shi a 1981, ita ma ta sallame shi. A 1988 ya karɓi Baltimore tana cikin masifa, ta faɗi wasa 21 a jere a farkon kaka. Shekara ɗaya bayan haka ƙungiyar ta kusa lashe rukuninta, aka ba shi lambar manajan shekara. Aikinsa na ƙarshe na manaja shi ne da Montreal, wadda ta koma Washinton, har zuwa 2006. Ya rasu a Los Angeles ranar 7 ga Fabrairu 2019, yana da shekara 83.