Manet da kuɗin littafi

Hutun bana yayana ya dawo Kore Mairuwa daga Yamai da wata tsohuwar kwamfuta, akwai PES 2013 cikinta. Ni kuma ina da manet ta PlayStation 2 wadda na'urarta ta daɗe da mutuwa. Ban ko gwada ba na sanar ma yaran unguwa: jibi da dare akwai ƙwallo gidanmu.

Sai na tarar bakin wayar manet bai shiga ramin USB. Na hau mota zuwa Dutsi, na sayo ɗan adafta da kuɗin da Inna ta ba ni na littafin lissafi. Ranar wasa na jona, Windows ta gane ta, amma cikin fili ƴan wasa suka tsaya ƙiƙam. Yara suka watse suna dariya, wani har da cewa: "Malam injiniya, sai da safe!"

Wallahi ban yi barci ba. Can cikin fayilolin wasan na buɗe settings, na ga an zaɓi XInput, yaren da manet ta Xbox 360 ke ji. Tawa DirectInput take ji. Ashe lafiyarta lau, yare ne bai zo ɗaya ba. Na canza, na bi maɓallai ɗaya bayan ɗaya: wannan fas, wannan harbi. Kafin batir ya mutu na ci ƙwallo ta farko, ni kaɗai, ba mai tafi.

Yanzu kullum ɗakin cike yake. Littafin lissafi kuwa na abokina nake kwafa da hannu. Don Allah kada wanda ya kai ma Inna labari.