Zuwa ga Auta, daga Ƙasar Sanyi

Auta,

Ina fata kina lafiya, Inna tana lafiya, da su Yaya da yaran gida duka. Yaya ƙafar Inna da wannan hunturun? Ki riƙa tsayawa a kanta tana shan maganin hawan jini kullum, ba sai ranar da kai ya sara mata ba, kin dai san halinta. Ni lafiyata ƙalau, sai sanyi da duhu. A watan nan na Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma an yi magariba. Azahar da la'asar da magariba sai su zo a jere kamar 'yan rakiyar amarya, ranar da nake dutin rana kuwa sai na yi dabara kafin in sallace su a kan lokaci.

Saƙonki na murya ya iso, sau uku na saurare shi. Alhamdu lillahi da kika ci jarrabawar ƙarshe, Allah ya sa albarka a cikin aikin. Kin ce in faɗa miki hanyar zuwa nan, amma ban da wa'azi. Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Na zaɓi in rubuto ne domin a waya ba kya bari in kai aya sai kin jefo tambayar albashi.

To ga hanyar. Hukumar da ke ba da lasisin aikin jinya a Birtaniya ana kiranta NMC, kuma duk takardun da kika tara a gida ba za su sa ki taɓa majinyaci a matsayin nas ba sai sunanki ya shiga rajistarta. Farko akwai Turanci. In IELTS kika zaɓa, suna son maki 7 a karatu da sauraro da magana, 6.5 a rubutu. In OET ce, wadda aka tsara don ma'aikatan lafiya, B ake nema, sai rubutu da suke karɓar C+. Wannan ta ba ni haushi a lokacin, mu da muka yi karatu da Turanci tun firamare. Sai ga shi ranar farko a ɗakin marasa lafiya wata tsohuwa ta yi min magana da karin harshen mutanen arewacin Ingila, na tsaya ina kallon bakinta kamar da Fulatanci take min. Bayan gida take so a kai ta. Ita ma jarrabawar ba ta koya min wannan ba.

Daga nan sai jarrabawar kwamfuta, CBT, wadda ake yi tun a Najeriya: lissafin magani da tambayoyin aiki. Sannan babbar, OSCE, wadda sai kin tako ƙasar nan. Lokacin da na yi, kuɗin duba takardu fam 140 ne, ta kwamfuta fam 83, OSCE fam 794, shiga rajista fam 153. Ki buga da canjin yau, amma ki zauna kafin ki duba amsar. Sau da yawa asibitin da ya ɗauki mutum yakan biya wasu daga ciki.

Abu biyu zan ja miki kunne a kai. Najeriya tana cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, saboda haka asibitocin nan ba su da hurumin zuwa farautar nas-nas a wurinmu. Ke da kanki kina iya neman aiki kai tsaye, su ɗauke ki. Duk wanda ya ce ki kawo miliyoyi ya samo miki takardar ɗaukar nauyi, ki riƙe jakarki da kyau. Na san nas-nas ƙwararru da suka sayar da fili suka shigo ta hanyar aikin kula da tsofaffi, shekaru na tafiya ba su kai ga lasisi ba, ita ma ƙofar an rufe ta ga sababbin masu zuwa daga waje tun Yulin 2025. Na biyu, kada ki yarda kowa ya zauna miki jarrabawa. A 2023 aka gano maguɗi a wata cibiyar CBT a Ibadan, aka soke sakamakon duk wanda ya rubuta a wurin, har da bayin Allah da suka ci da guminsu, sai da suka sake. Har yau in ka ce daga Najeriya kake akwai mai ɗaga gira. Kin kuma tuna hayaniyar Fabrairun 2024, da hukumarmu ta gida ta ce sai mutum ya yi aikin shekara biyu kafin ta tantance masa takardun fita, nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Ko da doka ko babu, ni shawarata ki yi shekara biyun nan a gida. Hannu a can yake nuna.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro, ki kira shi wa'azi in kin so.

Ban taɓa faɗa wa kowa a gida ba: na faɗi OSCE a karon farko. Lokacin da na ce muku an ɗaga ranar, ƙarya na yi, Allah ya yafe min. Jarrabawar tasha goma ce, kina fita wannan ɗaki ki shiga wancan, agogo na gudu. A wani ɗakin ɗan wasa ne ke kwance yana kwaikwayon mara lafiya, a wani kuma mutum-mutumin roba, ga mai ba da maki a gefe da takarda, ba ya ko murmushi. Na shiga da shekara bakwai ta aiki a hannuna. Ni da nake samo jijiyar yaron da amai da gudawa suka busar, da hasken fitilar waya, in sa masa ƙarin ruwa, wai robar Bature ce za ta gagare ni? Ashe ba girin-girin ba, ta yi mai. A tashar ba da magani na faɗi. Lissafina daidai, maganin daidai. Amma ban tambayi majinyacin ko akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa ba, ban gwada amsarsa da abin da ke rubuce ba, ban kuma nemi yardarsa ba. Miƙa masa kawai na yi, kamar yadda na miƙa wa dubban mutane a gida: ungo, sha.

Mai koyar da mu wata dattijuwar nas ce 'yar Filifin, ta fi shekara ashirin a ƙasar nan. Ta zaunar da ni ta ce hannuna ba shi da aibu, amma ina aiki a kan majinyaci kamar mai ɗaurin kaya a tasha. Maganar ta yi min zafi, na kwana ina mayar mata da amsa a zuciyata. Na ce ai ita ba ta san ɗakin da nas ɗaya ke riƙe da gado talatin da dare ba, ba wuta, ba safar hannu sai dangi sun sayo. Ina lokacin neman izini? Wannan uzurin gaskiya ne, Auta, za ki gani da idonki. Amma da gari ya waye sai na tuna ranakun da ɗakin ba cika, ga lokaci har ana hira, duk da haka ban taɓa ce wa wata baiwar Allah daga ƙauye ga sunan abin da zan tsira miki, ga amfaninsa, kin yarda? Mu da tun muna yara aka hore mu kada mu shiga ɗakin kowa ba sallama, sai ga shi muna yaye zanen uwar wani ba ko sannu, don kawai mun sa farin kaya. Na sake tashar bayan 'yan makonni na ci. A ranar kamar karatun aku na yi, ina rera tambayoyin don a ba ni maki. Sai daga baya, a bakin gadon mutane na gaske, suka zauna min a baki.

Wata huɗu da samun lasisina na yi kuskure. Maganin wani dattijo na ƙarfe goma na dare na tsallake, sai wajen biyu na lura. Jikina ya yi sanyi, domin abin da na sani shi ne a gyara takarda a ja baki a yi shiru. Na taɓa yin hakan a gida, na kuma ga manyana sun yi, ba don mugunta ba, sai don wanda ya amsa laifi shi ake yanka wa ragon suna a gaban kowa. A nan sai na sanar da likita, na shigar da rahoto a kwamfuta da hannuna, da safe kuma na tsaya gaban dattijon na faɗa masa abin da ya faru, na ba shi haƙuri. Shugabar ɗakin ba ta ɗaga murya ba. Tambayarta ita ce me ya ɗauke min hankali a lokacin, mu nawa ne a dutin. Kada ki ɗauka da wannan halin aka haifi mutanen ƙasar nan. Wani asibiti ne a garin Stafford aka bar marasa lafiya cikin wulakanci shekara da shekaru, ma'aikata na gani suna tsoron magana, har aka yi binciken da wani lauya, Robert Francis, ya fitar da rahotonsa a 2013. Bayan nan ne aka mayar da faɗa wa majinyaci gaskiya doka. Abin kunyarsu ne suka ƙi binnewa. Har yanzu ma ana samun masu ɓoyewa, jaridunsu ba sa rabuwa da irin labarin.

Wannan ya kawo ni kan Baba, Allah ya jiƙansa. Kina ƙarama lokacin, amma kin san ni ce na karɓo sakamakon hoton hantarsa, ni ce kuma na ce da Yaya kada a faɗa masa ciwon daji ne. Muka ce masa gyambon ciki ne, zai warke. A nan likita yakan jawo kujera ya zauna, ya tambayi mutum iya abin da yake son sani, sannan ya faɗa masa, shi mai ciwon, kafin 'ya'yansa. Farkon ganina na ce wannan rashin imani ne. Sai na ga wata mata da aka faɗa wa saura mata 'yan watanni ta kira ɗanta da suka shekara goma ba sa magana. Tun ranar nake tunanin Baba. Mutum ne mai tsoron bashi, da ya sani da ya zauna ya yi wasiyya a tsanake, ya nemi yafiyar wanda zai nema, da rigimar gonar nan ba ta kai inda ta kai ba. Wani lokacin kuma in tuna yadda yake kallona in na kawo masa kunu, in ce a raina ya sani sarai, shi ma rufa mana asiri yake don kada mu karaya. Ban ce mun yi zalunci ba, tausayi ne ya sa mu. Amma ciwon nasa ne, mutuwar tasa ce, muka yanke hukunci ba mu shawarce shi ba. Kada ki karanta wa Inna wannan sashen.

Akwai kuma abin da har gobe ban saba da shi ba. A gida ba a kwantar da mutum sai da mai jinya: tabarma a ƙarƙashin gado, fulas ɗin ruwan zafi, kwanon tuwo daga maƙwabta, 'yan dubiya har sai mun kore su muna masifa. Wallahi yanzu kewar hayaniyar nan nake. A makon jiya wani tsoho ya cika a hannuna da asuba. Gadonsa na lantarki, maganinsa bai taɓa yankewa ba, ba a tambaye shi ko sisi ba, domin tun 1948 gwamnati ke ɗauke da jinyar mutanenta daga haraji. Kwanansa goma sha ɗaya, ba wanda ya leƙo. Lambar da ke cikin fayil ɗinsa ta wata 'yar ɗan'uwansa ce a wani gari mai nisa, ta yi min godiya da ladabi ta ce za ta kira masu shirya jana'iza. Na ja kujera na riƙe hannunsa har numfashin ya tsaya. Wata abokiyar aikina ta ce ina da kirki. Ban iya yi mata bayanin cewa a unguwarmu ko almajiri ba a bari ya cika shi kaɗai ba.

Sauran tambayoyinki a gurguje. Ɗankwali da ƙaramin hijabi ba a hana ni ba, amma a bakin gado hannu a buɗe yake daga gwiwar hannu zuwa ƙasa saboda tsabta, ki shirya wa wannan. An taɓa samun majinyacin da ya ce ba ya son baƙar fata ta taɓa shi. Na fita na sha ruwa na dawo, shugabar ɗakin ta tsaya min. Shekaruna bakwai na gida ba su hana a ajiye ni a mataki na biyar ba, inda yarinyar da ta gama makaranta jiya take farawa. Albashin in an juya shi zuwa naira sai ki riƙe baki, in an cire haraji da haya da kuɗin ɗumama ɗaki sai ki sake shi. Lasisin ma ba na har abada ba ne, duk shekara ana biya, duk shekara uku kuma sai kin nuna kin yi aikin awa 450 da ƙarin ilimi na awa 35.

In kin fara aiki wata mai zuwa, ki gwada min abu ɗaya: majinyacin farko da za ki yi wa allura, ki faɗa masa sunanki, ki tambaye shi nasa. Ki rubuto min yadda ya kalle ki.

Na turo kuɗin maganin Inna ta hannun Yaya, da ɗan abin da za ki fara biyan darasin OET in har kin tsaya a kan bakanki. Akwai wata 'yar Zariya da za ta dawo nan bayan sabuwar shekara, zan ba ta lambarki. A haɗo min kuka da kuɓewa busasshiya da yajin Inna, a ɗaure daddawar a leda uku, wancan karon duk kayan baiwar Allah sai da suka ɗauki wari. Ban da kilishi, ba sa bari a shigo da nama.

Ki gaida Inna da kyau, ki ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. Ki gaida Gwaggo da mutanen gidan Liman.

Taki,
Yayarki