Ciwon Kan Nono: Haƙuri Kaɗai Ba Ya Magani



A ajin matan aure da nake koyarwa a nan Darini, babu tambayar da ake yi mini a asirce kamar ta tsagewar kan nono, musamman masu haihuwar fari. Ni ma na san zafin nan, wanda kan sa uwa ta ciji leɓe da zarar jariri ya motsa.

Yawancin ciwon daga kamun yaro yake. Kunyar ɗan fari kan sa yarinya ta riƙe shi nesa da jikinta, ta ba shi a gurguje kada a gani, sai ya kama tsinin kaɗai.

Ki zauna ki jingina, ki manna cikinsa da naki. Ki jira ya wangale baki, sannan ki matso da shi, ya haɗa da baƙin da ke kewaye da kan, haɓarsa tana taɓa nonon. In kin ji zafi, sa ɗan yatsanki mai tsabta ta gefen bakinsa ya saki, ki sake gwadawa. Kada ki fizge. Ki fara da ɓangaren da ciwonsa ya fi sauƙi. In nonon ya cika ya yi tauri, ki ɗan tatse kafin ki ba shi. Bayan ya sha, ki shafa ɗigon ruwan nonon a wurin, ki bari ya sha iska. Ban da sabulu, ban da toka ko garin magani.

Amma in nonon ya kumbura ya yi zafi da zazzaɓi, ko kika ga fari-fari a bakin yaro, ki garzaya asibiti.

Kada zafi ya sa ki yanke masa nono. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 tamowa ta kashe a cibiyoyinta na jihar Katsina a watanni shidan farko na 2025. Hukumar Lafiya ta Duniya na kira da a ba da nono zalla har wata 6, aya ta 233 ta Suratul Baƙara kuwa ta ambaci shekara biyu cikakku.

Ku kuma iyayenmu masu kula da wankan jego, in yarinya ta yi ƙorafi, kafin ku ce ta yi haƙuri, ku duba yadda jikanku ke kama nonon. Allah Ya sa mu dace, amin.