Ranar da muka koyi hanyar Maraɗi

Shekara da shekaru, in ƙungiyarmu ta tara kuɗin sari, namiji muke roƙo ya je mana Maraɗi. Mu ƙirga masa kuɗi, mu ce atamfa turmi kaza, sabulu katan kaza. Ya dawo ya ce kaya sun yi tsada, mu ce to, Allah ya saka da alheri. Ba mu ce wani ya cuce mu ba. Amma wadda ba ta taɓa taka kasuwar ba, da me za ta yi gardama?

Garinmu yana arewa da Mayahi, tafiyar amalanke ce ta safiya guda. Yawancinmu iyakarmu Mayahi, sai Tasawa in an yi biki ko rasuwa. Maraɗi kuwa a bakin mutane muke jin ta.

Bayan girbin bara muka ce mu huɗu za mu je da ƙafarmu. Muka nemi izinin masu gidajenmu. Ma'ajiyarmu ta raba kuɗin kashi huɗu, kowace ta ɗaure nata a lalita ƙarƙashin zane, don in tsautsayi ya faɗa wa ɗaya, kada ya kwashe na kowa.

Ga hanyar, don wadda ba ta sani ba. Daga Mayahi mota takan yi kudu har Caduwa, nan ta hau babbar kwalta wadda ta taso daga Yamai ta wuce Damagaram. In kin yi dama, Maraɗi ce. In kin yi hagu, sai Agye, sai Gazawa, sai Tasawa, wadda ke wajen kilomita 120 daga Maraɗi. Ke nan mu da 'yan'uwanmu na Tasawa a Caduwa hanyarmu ke haɗuwa.

Mun sha kunya, ba ƙarya. Ba mu san mota ba ta tashi sai ta cika ba, muka zauna tasha har rana ta take. Ɗayarmu ta manta katinta na ɗan ƙasa, aka tsai da mu wurin bincike, fasinjoji na ta harararmu. A babbar kasuwa kuma ido ya ci mu, muna ta ciniki har motar Mayahi ta ƙarshe ta tafi. Gidan wata 'yar garinmu da ke aure can muka kwana. Amma mun ga farashi da idonmu, mun karɓi lambar waya ta direbobi biyu, mun san abin da ake ba ɗan kabu-kabu daga tasha zuwa kasuwa.

Amfanin wannan wahala bai fito sosai ba sai da bazara, lokacin da maza suka watse cin rani. Ɗiyar wata 'yar ƙungiyarmu ta kwana biyu tana naƙuda. A asibitin Mayahi aka ce sai Maraɗi. Mijinta yana Kano, uwarta kuma ba ta taɓa wuce Mayahi ba. Ta riƙe hannun shugabarmu tana cewa, "Yaya, ni ina zan dosa?"

Shugaba ta ce, "Tashi, mun san hanya."

Muka buɗe asusun taimako muka fidda kuɗin mai, biyu daga cikinmu suka bi su. Sun san gidan da za su sauka, sun san inda za su sayi abinci, sun san wanda za su kira ranar komawa. Yau yaron yana rarrafe.

Tun daga nan muka sa doka: duk tafiyar sari, cikin masu zuwa sai an sa mace guda wadda ba ta taɓa zuwa ba, kuɗin motarta daga asusu. Wasu sun ce ɓarna ce. Muka ce wadda ta san hanya ba a tashe ta da dare ta rasa inda za ta nufa.

'Yan'uwa, in za ku gwada, ku yi sammako, kowace ta riƙe katinta, ku raba kuɗi, ku tambayi lokacin motar ƙarshe tun kafin ku shiga kasuwa. Mu dai wata mai zuwa, in Allah ya yarda, Tasawa muka nufa. Allah ya kai mu lafiya, ya maido mu lafiya.