Nisan Sama da Nisan Ƙasa: Daga Sokode Zuwa Dapaong

Yau za mu duba tafiya tsakanin garuruwa biyu da yawancinmu muke da dangi a cikinsu, wato Sokode da Dapaong.

Kowanne daga cikinsu yana da ɗan ƙaramin filin saukar jirgin sama. Idan aka miƙa zare a kan taswira daga wannan zuwa wancan, nisan bai wuce kilomita 230 da 'yan kai ba, abin da ƙaramin jirgi zai cinye cikin awa guda. Amma waɗannan filaye ba tashar fasinja ba ne. Manyan filayen jirgi na Togo biyu ne, na Lome da na Niamtougou a arewacin Kara. Saboda haka talaka mai zuwa gaida mara lafiya ko ta'aziyya, lissafinsa yana kan babban titi mai lamba ɗaya, wanda ya taso daga Lome ya bi ta Sotouboua har iyakar Burkina Faso. A kan titin, nisan ya kusa kilomita 290, mutumin Sotouboua kuwa sai ya ƙara fiye da hamsin.

Me ya kawo bambancin? Duwatsu ne da garuruwa. Jirgi ba ruwansa da dutsen Aledjo, inda aka tsaga dutse titi ya ratsa kafin Bafilo. Ba ruwansa da hawa da gangaren Defale, inda manyan motocin kaya ke nishi. Matafiyin ƙasa kuwa sai ya bi ta Bafilo da Kara da Niamtougou da Kante, ya haye kogin Oti a Mango, sannan ƙasa ta baje, itatuwa su ragu, ya san ya doshi Dapaong. Da tsayuwar tasha da ta salla, awa biyar ko fiye sukan tafi.

Wannan ƙasa ba baƙuwar Bahaushe ba ce. Ayarin fataken goro daga Kano zuwa Gwanja sun ratsa ta da jakuna, suna yada zango a ƙasar Kotokoli da kuma Mango. Sunan Sansanne-Mango ma daga kalmarmu ta sansani ya fito. Su da kwanaki suke auna nisa, da rijiyoyi da masaukai, ba da kilomita ba.

Akwai kuma amfani ga ibada. Malaman Malikiyya sun sa nisan ƙasaru a barid huɗu, kimanin kilomita tamanin, kuma hanyar da mutum ya bi ake lissafawa. Don haka mai tashi daga Sotouboua zuwa Sokode zai cika sallarsa, mai wucewa Kara ko Dapaong kuwa ya kai nisan ƙasaru.

Shawarata ga magidanta ita ce, idan yara sun duba wayar hannu sun faɗi nisa, a tambaye su: na sama ne ko na titi? Da na titi ake shirya guzuri da kuɗin mota, da shi ake sanin lokacin fita don kada dare ya riski iyali a kan duwatsu. Da sanyin safiya ake kama fara.

Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya maido su lafiya. Wassalam.