Hirar Masu Doguwar Lensi: A Bar Mana Hazonmu

Ku matso kusa, jama'a, a ƙara zuba shayin, maganar nan ta cikin gida ce. Tun da muka shiga harkar ɗaukar hoton tsuntsayen ruwa akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma gara in faɗe shi a nan inda babu baƙo.

Hotunan da kuke nuna mini a waya suna da kyau, ba zan rage muku komai ba. Sai dai yawancinsu ba na gane inda aka ɗauke su. Sama shuɗiya shar, ruwa an rine shi, ciyawa koriya fatau, sannan a ce mini wai Warwade ce a watan Janairu. Haba, 'yan uwa! Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin dam ɗin Warwade da sassafe a tsakiyar hunturu ya san ba haka wurin yake ba. Sama fara ce sol, hazo ya haɗe ta da ruwa har ba ka gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Kwalekwalen masunci yakan fito daga cikin farin nan a hankali, zalɓe na tsaye can gefe ya janye wuya saboda sanyi. Wannan shi ne hasken ƙasarmu, kuma shi muke gogewa da hannunmu a cikin manhajojin Lightroom da Snapseed don hoton ya yi kama da na wata ƙasa.

Zan dawo kan gyaran. Bari in fara da lensin, tunda ƙanena ga shi nan ya dame ni da tambayar wacce zai saya.

Ƙanena, tsuntsun ruwa ba ya yarda da mutum, kuma yana da hujja, don ya sha tarko da danƙo da bindiga. Garken kirinjijiya tun kana nesa za su ɗaga kai gaba ɗaya, fararen fuskokin nan duk su juyo gare ka, ka ƙara taku biyu su tashi da fito. Shi ya sa ake neman lensi mai milimita 400 zuwa 600. Irin ta Sigma ko Tamron mai 150 zuwa 600 ita ce akasarin masu ƙaramin ƙarfi ke kaiwa gare ta, ko da ta hannu ce. In kuɗin bai kai ba, akwai kyamarori masu lensi a manne kamar Nikon P900, wadda ke jawo abu har ninki 83. Hotonta ba ya kai na manya tsabta idan haske ya yi ƙasa, amma ta isa ka gane tsuntsu ka kuma nuna wa mutane. Har wanda ke ɗora wayarsa a bakin madubin hangen nesa ban raina masa ba.

Amma ka sani, doguwar lensi tana jawo tsuntsu ne tare da duk abin da ke tsakaninka da shi. Ƙurar hunturu tana shigowa, hucin rana ma yana shigowa. In rana ta take, iskar da ke saman ruwa da yashi tana rawa, sai ka ga hoto ya yi dishi-dishi ka zargi lensin alhali ba laifinta. Aikinmu na bayan asuba ne zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Ka zauna ƙasa, in da hali ka kwanta, idonka daidai da idon tsuntsun, ka bari shi ya matso. In kana son kama shi a sama, saurin ɗauka kada ya gaza ɗaya bisa 1000 na daƙiƙa, 2000 ma ya fi. Kuma kada ka kuskura ka cire lensi a fili cikin iskar hunturu, ƙurar da za ta shiga cikin kyamarar sai ta bi ka cikin kowane hoto.

Akwai ladabin da ba ya cikin littafin kyamara. Mutumin ƙauye da ya hango ka da dogon baƙin abu a kafaɗa kana raɓewa cikin ciyawa, a wannan zamani, ba hoto zai fara kawowa a ransa ba. Ka fara da gaida mai unguwa ko sarkin ruwa, ka nuna musu abin da ke hannunka, ka bari yara su leƙa. Inda mata ke wanki ko wanka, ka juyar da lensinka tun kafin a ce maka. Masuntan nan kuma sun fi mu sanin tsuntsaye. Su za su gaya maka inda dinya ke sauka da yamma da kurmin da balbela ke kwana.

To, Malam, kai da ka ce gyara ai fasaha ce, ban musa maka ba. Kyamara ba ta gani yadda ido ke gani. Ɗauki balbela a rana. Idonka na ganin layin kowane gashi a bayanta, ita kuwa kyamara in ka bar ta da ra'ayinta sai ta ƙone farin ya zama fanko. Dole ka rage haske tun wurin ɗauka, ka ajiye ɗanyen hoton a RAW, in ka koma gida ka dawo da gashin nan a hankali. Ka yanke gefe, ka daidaita ruwan da ya karkace, ka rage tsakuwar da ƙarancin haske ke jawowa, ka ɗan buɗe inuwar da ta rufe ido. Duk wannan mayar da abin da ka gani ne, kuma aiki ne na gwaninta. Na ga hoton baƙin zalɓen nan da ke yin rumfa da fukafukansa a kan ruwa, ya sunkuyar da kai ciki yana jiran ƙananan kifi su shigo inuwa. A ɗanyen hoton dunƙulen baƙi ne kawai. Da mai shi ya zauna a kansa da haƙuri, sai ga tsarin gashin ya fito ɗaya bayan ɗaya, ga rawayan yatsun a ƙarƙashin ruwa. Bai ƙara komai ba, abin da ke wurin ya tono. Wannan gyaran ina cire masa hula.

Inda muke rabuwa shi ne lokacin da gyara ya fara ƙarya a kan tsuntsun ko a kan wurin. Balbela idan damina ta zo tana fitar da gashi ruwan ƙasa-ƙasa a ka da ƙirji da baya, alamar lokacin sheƙa. Wani ya ɗauka datti ne ya wanke ta tas, ya goge labarin da ke jikinta. Haka ɗan tsuntsun nan mai dogayen ƙafafu da ke cika gonakin shinkafa da rani, wanda ke zuwa daga arewacin Turai da Rasha. A can, lokacin aure, namijin yana fitar da wani tulin gashi a wuya mai launi iri-iri. Masu hoton Turai suna samun sa cikin kayan angwanci, mu kuma yana zuwar mana cikin kayan gona, toka-toka, bayan ya ƙetare Sahara. Rabin rayuwarsa da ke hannunmu ke nan, kuma su can ba su da shi. Me zai sa mu zuba masa launin da bai zo da shi ba?

Abin da ya fi damuna shi ne wurin. Ku tuna me ke hannunmu. Ruwan da ya biyo ta Ringim da Taura da fadamun Jahun da Miga shi ke gangarawa ya bazu a dausayin Haɗeja da Nguru, inda dubban agwagin ruwa daga Turai ke cin rani daga wajen Oktoba zuwa Maris. Tafkin Nguru da mashigar Marma ne wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, a 2000. Baturiya tamu ta Kirikasamma ta shiga a 2008, tare da Dagona ta Yobe, inda Yarima Philip na Ingila ya je kallon tsuntsaye a 1989. Wannan dausayin ba a tsaye yake ba. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, yadda ruwa ke zuwa ya canja. Inda da ambaliya ke zuwa ta janye ƙasa ta bushe, yanzu ruwa na kwana a wasu wuraren shekara zagaye, kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama gidan jan-baki mai cinye wa manoma shinkafa da gero. Ku tambayi kowane manomi a Guri ko Auyo.

Yanzu ka ɗauki hoton zalɓe a gaban bangon kacalla, ka ga ta ɓata maka baya, ka sa manhaja ta share ta ta shimfiɗa maka ruwa fili da furen bado. Hoton ya yi kyau. Amma bayan shekara ashirin, ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da ke son sanin yadda wurin yake a zamaninmu, in ya ci karo da hotonka, ka yaudare shi. Haka ledar da ke yawo a bakin ruwa, haka ragar da aka yar ta naɗe ƙafar tsuntsu. Ni ina ganin a bar su a ciki. Mu kaɗan ne masu wannan kayan aiki a jihar nan, kuma abin da muka ajiye shi za a samu.

Ko a can inda harkar ta yi nisa ba sa wasa da wannan. Babbar gasar hoton namun daji da gidan tarihin halittu na Landan ke shiryawa tana neman ɗanyen hoto kafin ta ba da kyauta. A 2010 sun ƙwace kambun wanda ya ci gasar 2009 bayan sun gamsu cewa kyarkecin da ke hotonsa na gida ne da aka horar. A 2018 kuma sun soke kyautar wani hoto daga Brazil da suka gano dabbar ciki matacciya ce da aka cusa wa kaya aka tsayar.

Yaya, na ga kana girgiza kai, na san abin da za ka ce: mutum ba shi da ikon yin zane da hotonsa? Yana da shi mana. Ka mai da shi baƙi da fari, ka narkar da bayan, ka haɗa tsuntsu uku daga hoto uku in ranka ya so, ka buga ka rataya a falo. Ni ma ina son irin wannan in an iya shi. Abu ɗaya nake roƙo, ka rubuta a ƙasa cewa haɗawa ka yi, kuma ka adana na asalin da ranarsa da sunan wurin. Sannan kafin ka ja maɓallin kore hazo har ƙarshe, ka tsaya ka kalli hoton yadda yake. Sau da yawa hazon nan ya riga ya yi maka aikin da wasu ke biyan kuɗi su samu: ya share hayaniyar baya, ya tausasa haske, ya bar maka tsuntsu shi kaɗai a fili.

In kuma sheƙa ka samu, musamman ta gauraka da yanzu sai an sha wuya ake ganin ta, kada ka faɗi wurin a bainar jama'a. Masu kama ta su sayar wa gidajen masu hali su ma suna da waya.

Ga shawarar da na zo da ita. Kowane Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a duniya, an fara tun 1967, kuma dausayinmu na cikin wuraren da ake ƙirgawa. Akwai kuma aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar APLORI ta Jos ke jagoranta, wanda ke karɓar bayanan 'yan sa-kai irinmu. Hoton da ba a taɓa ba, mai rana da wuri, yana da amfani a wajensu ko da bai yi kyan ratayawa ba. Mu fara da Warwade ranar Asabar don ƙanena ya saba da nauyin lensi, in hannunsa ya faɗa sai mu haɗa kuɗin mai mu nufi Baturiya kafin baƙin su juya gida a Maris. Malam, kai ka san mutane a Haɗeja, neman izinin shiga da wanda zai yi mana jagora yana wuyanka. Kowa ya zo da rigar sanyi mara haske da tsumman rufe kyamara, kuma mu tashi daga Dutse da mun idar da sallar asuba.